A fasa bango ko a bar bututun? Zaɓin mai tsohon gida wajen sabunta wayarin

Duk wanda ya sayi gida ko ya gaje shi a tsofaffin unguwannin ma'aikata, irin su Nasarawa GRA a Kano, ko Unguwar Rimi a Kaduna, ko kwatas-kwatas na 'yan reluwe da na jami'a a Zariya, wata rana sai wannan tambayar ta same shi. Yawancin gidajen tun zamanin tsohuwar hukumar lantarki ta ECN aka gina su, kafin a kafa NEPA a 1972, wasu kuma jim kaɗan bayan haka. Bisa tsarin Ingila aka yi musu wayarin: bututun ƙarfe binne a bango ko shimfiɗe a cikin silin, a cikinsa waya biyu, ja da baƙa. Da an kira mai gyaran wuta ya kwance soket guda ya leƙa, abin da zai fara cewa shi ne: "Alhaji, wannan ai tsohon yayi ne, gara a fasa a zuba sabo." Wani lokaci gaskiyarsa ce. Wani lokaci kuma aikin fashe-fashen ne ya fi masa tsoka.

Hanya uku ce a gaban mai gida. Ko a bar bututun ƙarfen a inda yake, a zare tsofaffin wayoyi a zura sababbi. Ko a manta da shi, a tsaga bango a binne bututun roba da sabuwar waya. Ko kuma a bi saman bango da waya, ba fasa ba tono. Ni dai ta farko nake fifitawa a duk inda bututun yake da sauran lafiya. Sai dai lafiyar bututu ba a gane ta da ido, gwada ta ake yi, kuma daga sakamakon gwajin ne zaɓin zai fito.

Abin da ke tsufa a cikin bango

Ƙarfen da ke cikin busasshen bango yana iya shekara sittin bai yi ko gezau ba. Rigar waya ce ke mutuwa. Kafin shekarun 1960, da robar asali ake lulluɓe waya, a ɗora mata saƙar zare a kai. Zafi da daɗewa sukan busar da ita. Idan ka kashe wutar gidan daga babban makunni, ka kwance makunnin fitila, ka lanƙwasa bakin wayar da yatsa, sai ka ga rigar tana marmashewa, baƙin gari na zuba a tafin hannunka, jan ƙarfen ya fito tsirara. A mazaunin ƙwan fitila abin ya fi muni, domin shekara da shekaru tsofaffin ƙwayaye masu zafi suna gasa ta. Irin wannan waya ba ta gyaruwa, taɓa ta ma ƙara ɓata ta yake yi. Inda aka same ta, canja waya ya zama dole, saura maganar bututu.

Wayar PVC da ta gaje ta ta fi ta ƙarko nesa ba kusa ba. Wasu da aka yi a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 sukan tsatsafo da wani koren ruwa mai danƙo a bayan soket, alamar sinadarin da ke sa su laushi ne yake fita. Amma da yawa har yau ƙalau suke. Laifinsu kawai shi ne an zura su ne don gidan da ba shi da komai sai fitilu da fanka da rediyo da dutsen guga, yau kuwa an ɗora musu esi uku, firiza, hitar wanka da injin jan ruwa.

Akwai abu na biyu da ba kowane mai gida ne ya san shi ba, kuma shi ya fi tsorata ni. A irin waɗannan gidaje galibi ba a zura waya ta uku. Bututun da kansa shi ne atin, wato hanyar da wuta za ta bi ta tsere idan waya ta taɓa jikin firji ko hita, har fis ya tsinke kafin ta ja mutum. Wannan kuwa ba ya aiki sai idan ƙarfen a haɗe yake tun daga soket har allon rarraba wuta, babu inda ya yanke. Bututun iri biyu ne. Akwai mai kauri mai zare, wanda ake murɗa shi cikin juna irin na famfo, shi haɗinsa yakan daɗe da ƙarfi. Akwai kuma marar kauri, wani ma da tsaga a tsawonsa, wanda zura shi kawai ake yi cikin mahaɗi a matse da ɗan sukuru. Wannan na biyun da zarar tsatsa ta shiga mahaɗinsa, atin ya tafi.

Ko mai kaurin ma yakan gamu da hannun mutane. An zo faɗaɗa taga ko gyaran bayi shekarun baya, magini ya datse wani yanki na bututun, aka cike gurbin da na roba aka shafe da siminti. Daga nan zuwa ƙarshen layin babu atin. Fitila na kamawa, firji na sanyi, ba wanda ya san da wani abu, sai ranar da waya ta gogu a cikin hita, wani ya taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu.

Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi, a yi gwaji uku. Na farko, a cire duk kayan wuta daga soket, musamman inbata da talabijin, a auna ƙarfin rigar waya da na'urar da ake kira Megger. Tana tura bolt 500 cikin layin, kuma ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda masu aikin Najeriya suka daɗe suna bi, ba ta yarda da ƙasa da megaom 1 ba. Sabuwar waya takan ba da ɗaruruwa. Awon damina ya fi na rani faɗin gaskiya, domin danshi ke tona asirin tsohuwar waya. Na biyu, a auna haɗin bututun daga soket mafi nisa zuwa allo. Idan lambar tana rawa yayin da aka girgiza akwatin soket, haɗin ya saki. Na uku, a zaɓi gajeren layi a ɗan ja waya guda a ga ko tana motsi, sannan a leƙa akwatunan da ke ƙasa-ƙasa a bangon bayi da kicin, inda tsatsa ke fara ci. Mai gyaran da ya zo da testa kawai, mai ɗan ƙwai a gindi, bai zo da abin da zai amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.

A bar bututun, a canja wayar

Idan bututun mai zare ne, ba tsatsa, kuma waya tana motsi, wannan hanyar ta fi. Dama don haka aka ƙirƙiri bututu, don a iya canja waya ba tare da an taɓa bango ba.

Aikin na mutum biyu ne. Ana ɗaure sababbin wayoyi a bakin tsohuwa, a naɗe ɗaurin da tef ya yi sumul. Ɗaya yana wancan ɗakin yana ja, ɗaya yana nan yana miƙa wayar a hankali yana warware ta kada ta murɗe. Za ka ji ana ta kira ta cikin bango: "Maigida, dakata, ta cije!" Inda ta cije galibi kwana ce, kuma ba a maganinta da ƙarfi. Akan ɗan mayar da ita baya, a barbaɗa hoda ko a shafa man da aka yi don jan waya. Ban da gris, ban da baƙin mai, domin suna cin rigar PVC a hankali. A duba bakin kowane bututu kuma, idan yana da kaifi a goge shi a sa masa zobe, in ba haka ba zai feɗe sabuwar wayar tun tana shiga.

Akwai sharuɗɗan da ba a tsallakewa. Waya ɗai-ɗai ake zurawa, ba mai faɗin nan da aka haɗa biyu ko uku a riga ɗaya ba. Duk wayoyin layi guda, mai wuta da nutral (wadda wutar ke komawa ta cikinta) da atin, a bututu ɗaya za su bi, domin idan aka raba su a bututun ƙarfe daban-daban, ƙarfen kansa yakan yi zafi. Kada a cika bututun fiye da kusan kashi 40 cikin 100, kuma a tuna tsohon mai inci biyar bisa takwas ya fi na yanzu mai milimita 20 ƙunci: waya uku masu kaurin 2.5 (murabba'in milimita) za su wuce, shida kuwa sai an yi kokawa, kuma ko sun wuce za su riƙa gasa juna. Sannan ko da bututun ya ci gwaji, a zura masa wayar atin mai launin kore da rawaya, a ɗaure ta a jikin kowane akwatin ƙarfe. Mahaɗin da ke da ƙarfi yau ba lallai ya kai shekara goma nan gaba ba, kuma kuɗin waya guda bai kai a yi jayayya a kansa ba.

Ribar wannan hanya tana da yawa. Tayil da filasta da fenti duk suna nan yadda suke. Ɓera ba ya cin ƙarfe. Ƙusa ba ta huda shi da sauƙi. Idan waya ta yi tartsatsi a ciki, a ciki za ta mutu, ba za ta kama katakon silin ba. Ana kuma iya yin aikin ɗaki-ɗaki, iyali na cikin gidan.

Aibinta guda ne babba: soket yana nan inda mai ginin 1965 ya ga dama ya sa shi, kuma galibi guda ɗaya ne a ɗaki. Ƙaramin aibi kuma, ba a sanin wahalar aikin sai an fara. Wata robar ta narke ta manne da ƙarfe, wani akwatin haɗi an shafe shi da filasta ba wanda ya san inda yake. Don haka a yi ciniki a kan kowane layi, a kuma yi magana tun farko a kan abin da za a yi idan wani ya ƙi fita.

A tsaga bango a binne na roba

Wannan ita ce hanyar da yawancin masu aikin yanzu suka fi sabawa da ita, kuma tana da hujja mai ƙarfi. Bututun roba ba ya tsatsa, yana da araha, ba nauyi, ana lanƙwasa shi ba tare da injin yanka zare ba. Abin da ya fi wannan, kai za ka tsara gidanka yadda rayuwar yau take: kowane esi da layinsa, kicin da nasa, fitilu da 'yan soket da za su hau inbata a ware su daban tun daga allo, a bar wa sola hanya. Inda bututun ƙarfe ya ruɓe, ko marar kaurin nan ne, ko ana shirin babban gyara wanda dama za a sake filasta, babu dalilin yin wata-wata.

Amma kuɗin waya da bututu rabin labari ne. Bayan mai wuta ya gama, sai magini, sai mai fenti, wani wurin sai mai tayil, kuma da wuya a samu tayil ɗin da zai dace da na da. Ƙurar giranda kuwa har cikin kwanon abinci, zama a gidan a lokacin azaba ce. Bangon ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ƙa'idar Ingila ta ce tsagar da ta miƙe tsaye kada zurfinta ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kaurin bango, ta kwance kuwa ɗaya bisa shida. Bulo mai inci shida da rami a ciki, da an ɗan matsa an ɓula. Ginshiƙi da linta ba a taɓa su sam. Tsohon gidan tubali da aka yi wa shafen siminti, idan aka fara tsaga shi shafen yakan ɓaɓɓako faifai-faifai. Silin ɗin yawancin gidajen nan kuma na asbestos ne, ƙurarsa tana illata huhu, don haka kada a yanka shi da giranda don neman hanya.

Tunda roba ba ta tare ƙusa, dole hanyar waya ta zama wadda kowa zai iya hasashenta: daga soket ko makunni ta miƙe sama ko ƙasa ko gefe, ba ta karkace don a rage tsawo ba. Kafin magini ya rufe, ɗauki hoton kowane bango da wayarka. Ranar da za a kafa labule ko maƙalar talabijin za ka gode wa kanka. Kuma ka tsaya a kan bututu mai kauri, domin mai arahar yakan lotse a kwana, ya zama ba a iya zura komai a cikinsa. Mafi muni shi ne binne waya tsirara a cikin siminti babu bututu ko kaɗan. Wanda ya cire bututun ƙarfe ya yi wannan, baya ya koma.

Masu kallon bidiyon gyaran gida na Amurka a YouTube su lura. Can gidajen katako ne masu rami a bango, shi ya sa suke zura waya mai rigar roba, wadda aka fi sani da Romex, cikin sauƙi, kuma wutar soket ɗinsu bolt 120 ce, tamu 230. Ko a can ɗin ma, birnin Chicago bututun ƙarfe yake wajabtawa a gidaje.

A bi saman bango

Ita ce mafi sauri da araha: waya mai faɗi da ake kafewa da 'yan maƙalai, ko a sa ta cikin doguwar kwasfar roba mai murfi da masu aikin ke kira tarankin. Ga ɗan haya, ga mai shago, ga gidan ƙasa, ta wadatar, kuma duk inda matsala ta taso ana ganinta. Araha dai ba ta ado, rana kuma tana cin wadda aka bari a waje. A babban gida ban cika son a bi ko'ina da ita ba. Inda take da amfani sosai shi ne a haɗa ta da hanya ta farko: fitilu da tsofaffin soket su ci gaba da bin bututun ƙarfe da sabuwar waya, layin esi da na kicin kuma a jawo su sababbi daga allo ta cikin silin, su sauko a tarankin ta lungun ɗaki. Ga yawancin tsofaffin gidajen da bututunsu ke da lafiya, wannan gamin ya fi kowace hanya ita kaɗai.

Wayar da kanta

Kowace hanya aka bi, waya ce za ta ɗauki wutar. Abin da aka saba shi ne mai kaurin 1.5 ga fitilu da fanka, 2.5 ga soket, 4 ga esi da hita, 6 ga kukar lantarki. A takarda, mai 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar kusan am 24 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), amma lissafin an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40, wanda Kano da Sakkwato da Maiduguri ke wucewa a watan Afrilu, ya koma kusan 21. A digiri 50, zafin da cikin silin ƙarƙashin kwano ke iya kaiwa da tsakar rana, ya koma 17. Dutsen guga mai wat 2,000 shi kaɗai yana jan kusan am 9. Ƙara da cewa idan wuta ta zo da rauni, injin esi da na firiza ƙara ja suke yi. Shi ya sa a layin da ya ratsa silin, ko mai nisa, ƙara kauri mataki guda ba almubazzaranci ba ne.

Sai batun jabu. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, akwai wadda aka rubuta mata 2.5 alhali ba ta kai ba, akwai rol ɗin da bai cika mita 100 ba. Ƙarfin alminiyam wajen isar da wuta kusan kashi 61 cikin 100 ne na jan ƙarfe, kuma yana sakin jiki a bakin sukuru har wurin ya fara zafi. Tun a shago kankare silin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana, ajiye musu kayansu. Ko ka kara mata wutar laita, ta alminiyam nan take za ta lanƙwashe. Mai mitar awo zai iya auna rol ɗin gaba ɗaya: mita 100 na 2.5 ta gaske kusan om 0.74 take bayarwa, ta 1.5 kuma 1.2. Najeriya tana da kamfanonin waya da suka yi suna, irin su NOCACO a Kaduna, Cutix a Nnewi, Coleman, Nigerchin da Kabelmetal, sai dai sunan da ya yi kasuwa shi ake kwaikwaya, don haka a saya wurin dilan da aka sani, a duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Kuma mai gida ya sayi wayarsa da kansa, ko ya raka mai aikin.

Shi ma mai aikin a tambaye shi takardar shaidarsa. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu aikin wayarin a Najeriya. Idan ya gama, ya sake awon Megger da na atin a gabanka, ya rubuta lambobin, ya kuma rubuta sunan kowane layi a jikin allo. Duk bututun ƙarfen da aka daina amfani da shi a zare wayoyinsa kaf, kada a bar wata a ciki da bakinta a naɗe da tef.

Idan kuɗin ba zai kai a yi komai lokaci guda ba, a fara da allo. A cire tsofaffin fis na tangaran, waɗanda galibi an riga an ɗaure su da waya mai kaurin da ba za ta taɓa tsinkewa ba, a sa bireka daidai da kaurin kowace waya, da na'urar RCD mai miliam 30 wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. A kafa sandar atin a wuri mai danshi a auna ta, a kuma tabbatar na'urar tana aiki a kan janareta da inbata, ba a kan wutar kamfani kaɗai ba. Daga nan sai layin bayi da kicin, sai esi, ɗakunan kwana daga baya. A tsohon gida RCD takan yi ta faɗuwa a kwanakin farko, musamman da damina, saboda wani layin yana yoyo ko an haɗa nutral ɗin layi biyu wuri guda. Idan mai gyara ya ce bari ya tsallake ta ku huta, kada ka yarda. A kashe bireka ɗaya bayan ɗaya har a gano layin da ke kayar da ita, shi za a fara zare wa waya.